Yadda za a kai kiɗan kilasik cikin unguwannin Garwa

Wani malamin makaranta a Garwa ta arewacin Kamaru, wanda yake jagorantar 'yar ƙungiyar matasa masu koyon kiɗan kilasik, wato tsohon kiɗan Turai da ake yi da irin su biyolin da sarewar Turawa da fiyano, ya aiko da wannan tambaya: "Mun sha yin wasa a zauren taro na cikin gari, amma kullum fuskoki ɗaya muke gani, wato 'yan ma'aikata da baƙi da danginmu. Muna so mu kai kiɗan nan cikin unguwanni, wurin Hausawa da Fulani da sauran jama'a, Musulmi da Kirista. Anya mutanenmu za su zauna su saurari kiɗan da babu waƙa a cikinsa kuma ba na rawa ba? Ta ina za mu fara?"

Malam, za su saurara, kuma ina da yaƙini a kan haka, domin kunnen mutanen nan ya daɗe da horuwa. Wanda ya tsaya a ƙofar fadar Lamido ranar Sallah yana jin algaita da kakaki da ganga, ya kuma gane taken sarki tun kafin maroƙi ya buɗe baki, ya riga ya san kiɗan da ke magana ba tare da kalma ba. Dattijon da zai kashe rabin sa'a yana sauraron waƙar Narambaɗa a waya, yana lura da inda 'yan amshi suka karɓa da inda kotso ya sauya, ba shi da ƙarancin haƙurin sauraro. Abin da ya hana su zuwa wurinku yana wajen kiɗan: zauren da ba su taɓa shiga ba, da sanarwar da aka liƙa da Faransanci kawai, da kuɗin shiga, da lokacin da ya ci karo da salla, da kuma wasu dokokin zama waɗanda ba wanda ya faɗa musu amma suke jin cewa duk wanda ya karya su zai ji kunya. Kiɗan kilasik baƙo ne a unguwa, kuma baƙo yana bukatar wanda zai yi masa sallama, ya faɗi sunansa da asalinsa da abin da ke tafe da shi. Yawancin abin da zan faɗa maka a ƙasa bayanin wannan gabatarwa ne.

Bari in fara da dokokin zama, tunda su ne suka fi korar mutane. Shirun nan mai nauyi da ake yi a zaurukan Turai, inda ake harar wanda ya yi tari, ba tare da kiɗan aka haife shi ba. A 1778, lokacin da aka kaɗa sabon kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, a birnin Paris, jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar wasa, shi kuwa ya rubuta wa mahaifinsa yana murna, don da gangan ya shirya wuraren da ya san za su motsa mutane. A Landan ma, lokacin da Robert Newman da Henry Wood suka fara wasannin da ake kira Proms a 1895, sun sa kuɗin shiga mai sauƙi, jama'a suna tsaye suna kai da kawowa, har an yarda su ci su sha, kuma an fara da kaɗe-kaɗe masu sauƙin shiga kunne kafin a riƙa ƙara masu nauyi a hankali. Saboda haka idan wata uwa ta rangaɗa guɗa bayan ɗanku mai biyolin ya gama wani wuri mai wuya, kada kowa a cikinku ya ɗaure fuska, yabo ne na gaskiya, kuma ya fi tafin ladabi da ake yi a zaure. Abu ɗaya ne za ku roƙa, shi ma tare da dalilinsa: kafin kiɗa mai sanyin murya, a gaya wa jama'a cewa wannan zai yi ƙasa-ƙasa ƙwarai na 'yan mintoci, wanda ya yi magana zai hana na kusa da shi ji. Mutanenmu suna bin roƙon da aka yi musu bayaninsa. Batun liƙi kuma a warware shi tun farko, don mai biyolin ba zai iya ci gaba ba idan ana manna masa takardar kuɗi a goshi hannayensa biyu suna aiki. A ajiye faifai a gaban makaɗa, a ce mai son yin kari ya zuba a ciki bayan an kai aya.

Kafin duk wannan akwai shiga unguwar ita kanta, kuma da ɗan gari akan ci gari. Kada ku fara da buga takardun talla. Ku fara da zuwa gaisuwa wurin jauro, wato mai unguwa, idan unguwar Hausawa ce ku haɗa da Sarkin Hausawa, ku je da dattijon da suka sani, ku tafi da biyolin ɗaya a cikin akwatinsa domin su gani su ji a cikin zaure kafin jama'a su ji a fili. Idan akwai hali a sanar da fada. Ta ɓangaren hukuma kuma, dokar Kamaru ta ranar 19 ga Disamba 1990 kan tarukan jama'a ta bukaci a kai sanarwa ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gundumar, aƙalla kwana uku kafin taro, kuma tun bayan hare-haren da aka kai Marwa a Yulin 2015 jami'an tsaro a arewacin ƙasar ba sa ɗaukar taron jama'a da wasa. Ku kai takardarku da wuri, ku riƙe shaidar karɓa a hannu ranar wasan.

Akwai wani abu da ya kamata in daɗe a kansa, domin masu shirya irin wannan taro da suka yi karatu a Yawunde ko Turai sukan manta da shi. Bahaushe yana ganin biyolin zai ce goge ne, kuma bai yi kuskure ba: dukansu da izgar doki ake goga su, dukansu sai an shafa wa izgar ƙaro kafin ta kama tsirkiya, bambancin da ido ke fara gani shi ne goge tsirkiya ɗaya gare shi, biyolin kuwa huɗu. To amma goge yana ɗauke da wani suna a ƙasar Hausa, saboda an daɗe ana danganta shi da bori da wuraren shaye-shaye, har akwai gidajen da uba ba zai yarda a ga ɗansa kusa da mai goge ba. Wannan tunanin zai riga ku isa unguwa. Ba da gardama ake maganinsa ba, da tsarin taron ake yi: a yi shi da rana tsaka-tsaki ko da yamma, a wuri mai mutunci, babu giya ko kusa, mata da 'yan mata suna da nasu ɓangaren da tabarmi da benci, dattawa suna gaba a kan kujeru, makaɗa kuma sun yi shigar kamala. Malamai sun saɓa a kan hukuncin kayan kiɗa tun da daɗewa, kuma ba aikinku ba ne ku raba wannan gardama. Wanda yake ganin bai halatta ba, a girmama ra'ayinsa, kada a kai masa sauti ƙofar gida, kada a kafa taro jikin masallaci ko makarantar allo, kada kuma a yi shi a watan azumi. Ku je wurin liman ku gaya masa abin da za ku yi da lokacin da za ku tashi. Ko bai zo ba, sanar da shi da kuka yi zai rufe bakin masu cewa an yi abu a ɓoye.

Lokacin da na fi ba da shawara shi ne bayan la'asar, a fara idan rana ta yi sanyi, a kammala kafin kiran magariba da ɗan tazara, yadda kowa zai samu yin alwala ba gaggawa. Wannan ya ba ku kamar sa'a ɗaya, kuma ta isa. Yana da kyau mutane su tashi suna cewa da an ƙara, maimakon su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya kuna tsakiyar kiɗa. Wasan yamma yana kuma raba ku da dogaro da wutar lantarki da ƙarar janareta, wadda ita kaɗai tana iya cinye muryar biyolin uku. Game da wuri, kada filin ƙwallo ya ruɗe ku don faɗinsa. Kayan kiɗan nan an ƙera su ne domin ɗaki mai bango, a fili fetal sautinsu yakan watse, na baya su ga hannu yana motsi ba su ji komai ba. Ku nemi farfajiyar makaranta da azuzuwa suka kewaye ta, ko harabar gida babba mai katanga, ku sa makaɗa su ba wa bango baya domin ya turo sautin gaba. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ɗaya ya tsaya inda makaɗa za su zauna ya tafa hannu sau ɗaya, wani ya tsaya a inda layin ƙarshe zai kasance. Idan tafin ya iso da kauri, wurin ya yi. Idan dole sai an sa lasifika, a sa ta kaɗan, kuma a hana mai kula da ita ya ƙure ta kamar na biki, domin rabin daɗin wannan kiɗa yana cikin tazarar da ke tsakanin ƙasa-ƙasa da ƙarfi, lasifikar da aka ƙure kuwa tana mayar da komai ɗaya.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yakan haura digiri 40, daga Yuni zuwa Satumba hadari yana iya tashi a kowace yamma, saboda haka watannin Nuwamba zuwa Janairu su suka fi daɗin zama a waje. Sai dai su ne kuma watannin da hunturu ke cin katako. Biyolin yana son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, a tsakiyar hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 20. Za ka buɗe akwati da safe ka tarar 'yan ƙusoshin katakon da ke riƙe da tsirkiya sun motse sun saki, tsirkiyoyin sun kwanta, wani lokaci gam ɗin da ya haɗa gefen jikin ya ɓalle har ka ga siririn tsagu. Maganin da ke hannun kowa shi ne a samu ƙaramin gwangwanin roba irin na sabulu, a huda murfinsa, a sa soso mai laima wanda aka matse sosai a ciki, a ajiye a cikin akwatin ba tare da ya taɓa katakon ba, a riƙa jiƙa shi kullum. Ranar wasa kada a bar kayan a bayan mota cikin rana, kuma a iso da wuri domin su saba da iskar wurin kafin a daidaita murya. Fiyano na katako kuwa ku bar shi inda yake. Nauyinsa ya kai ɗaruruwan kilo, kuma duk girgizar da ya sha a kan hanyar unguwa sai an sake nemo mai gyara masa murya. Fiyanon lantarki mai maɓalli 88 da batir mai kyau ya wadatar.

Yanzu ga abin da za a kaɗa da yadda za a gabatar da shi, kuma a ganina nan ne nasara ko faɗuwa take. Ku samu mutum ɗaya da zai yi muku aikin sanƙira, mai daɗin baki, wanda ya iya Hausa da Fulatanci sosai ya kuma iya jefa Faransanci domin waɗanda suka zo daga kudu. Aikinsa kafin kowane kiɗa minti biyu ne, ba lacca ba: wane ne ya tsara shi, don wa, kuma me kunne zai jira. Idan zai gabatar da Haydn, ya ce wannan mutum makaɗin fada ne, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana tsara kiɗa domin ubangidansa da baƙinsa, yana sanye da kayan barorin gidan. Duk wanda ya san sarkin makaɗan Lamido ya fahimci wannan rayuwa nan take. Idan za a kaɗa yanki mai sanyi na kiɗan da Dvorak ya tsara a Amurka a 1893, ya gaya musu cewa asalinsa da wani abin busa ake yi wanda dangin algaita ne, mai bakin kara biyu, kuma karin nasa yana tafiya ne a kan muryoyi biyar kamar yawancin waƙoƙinmu. Za ku ga kawuna suna gyaɗawa tun a layin farko, domin kunnen ya ji gida. Bolero na Ravel, wanda aka fara kaɗawa a 1928, yana da ƙaramar ganga da ke maimaita bugu ɗaya daga farko har ƙarshe yayin da sauti ke ta hauhawa, kuma ko gajeren fasalinsa da ƙungiyarku za ta iya ya isa ya riƙe masu kalangu a wurin. Kafin a fara kowanne, a sa mai biyolin ya kaɗa babban karin shi kaɗai sau biyu, a ce wa jama'a su lura da duk inda ya dawo. Mutumin da aka ba shi abin nema a cikin kiɗa ba ya gajiya da shi.

Kada ku kawo dogon kiɗa mai kashi huɗu gaba ɗayansa a zuwan farko. Ku zaɓi gajeru shida ko bakwai, kowanne minti uku zuwa shida, ku riƙa sauya mai sauri da mai sanyi. Ku kuma tabbata jama'a sun ji cewa baƙar fata sun daɗe a cikin wannan sana'a. Joseph Bologne, wanda aka haifa a 1745 a tsibirin Guadeloupe, mahaifiyarsa baiwa ce 'yar asalin Afirka, ya zama gwanin biyolin kuma shugaban makaɗa a Paris. Fela Sowande na Nijeriya ya tsara wa kayan tsirkiya kiɗa a kan karin Afirka ta Yamma tun a shekarun 1940. Francis Bebey kuma namu ne, haifaffen Duwala a 1929, ya zaga duniya da jitarsa. Idan akwai ƙungiyar mawaƙan coci da ta ƙware a garin, kamar yadda ake samu a Garwa da Ngaundere, a gayyace ta. Sai dai a taron unguwa mai gauraye a zaɓi abin da ba na ibada ba, don kada wani ya ɗauka wa'azi aka kawo masa ta bayan gida.

Batun makaɗan gargajiya yana ci mini rai, saboda na sha ganin an gayyato mai algaita ko mai garaya ya buɗe taro na minti biyar ana ta jera kujeru, sannan a ce yanzu za a fara kiɗa na ainihi. Wannan cin fuska ne, kuma jama'a suna ganewa ko ba su faɗa ba. Mai algaitan fada ya shafe shekaru yana koyon busa ba yankewa, yana shaƙar iska ta hanci alhali kumatunsa na tura wadda ya tara, abin da masu busa da yawa a makarantun Turai suke fama kafin su iya. Idan za ku gayyace shi, a ba shi tsakiyar shiri, sanƙira ya gabatar da shi da sunan gidansu da malaminsa kamar yadda ya gabatar da Haydn, a kuma biya shi daidai da abin da aka ba babban makaɗinku. Idan kuna so ku kaɗa tare, ku sani cewa fiyano ba zai bi goge ko algaita ba, domin muryoyinsa 12 a daskare suke, nasu kuwa sukan faɗa a tsakankanin maɓallai. Biyolin ne zai iya, tunda wuyansa ba shi da matakai, yatsa yana sauka duk inda kunne ya ce. Haɗin da ya fi yin kyau shi ne goge da biyolin suna karɓa wa juna, ɗaya ya yi jimla ɗaya ya amsa, kalangu yana riƙe da su a hankali. Algaita kuwa ta fi ƙarfin biyolin nesa, gara a bar ta ita da gangarta. Wannan yana bukatar zaman gwaji da yawa a gidan mai gogen, kuma yaranku ne za su koyi karinsa da kunne, kada a miƙa masa takarda.

Kuɗi kuma, kada a karɓi na shiga a zuwan farko, amma kada ku ce wa kanku taron ba shi da tsada, domin akwai hayar benci da rumfa da ruwan sha da kuɗin mota da sallamar makaɗa. Ku nemi 'yan kasuwa biyu ko uku na unguwar su ɗauki abu takamaimai, wannan benci, wancan ruwa, sanƙira ya ambaci sunansu a bainar jama'a. Cibiyoyin al'adu irin Alliyans ta Garwa ko cibiyar Faransa ta Njamena suna iya taimakawa da aron kaya, kuma ranar 21 ga Yuni, wadda ake bikin kiɗa tun da Faransa ta fara shi a 1982, dama ce ta samun tallafi idan kuna da wuri mai rufi saboda damina. Duk da haka gudummawar ɗan unguwa ta fi ta baƙo amfani ko da ta fi ƙanƙanta, don wanda ya biya kuɗin benci zai turo iyalinsa su zauna a kai.

Zuwa sau ɗaya kallo ne kawai, za a yi hirarsa kwana biyu a manta. Gara ku zaɓi unguwa biyu ku riƙa komawa duk wata a lokacin rani, da ku zaga goma sau ɗaiɗai. A zuwa na biyu ku maimaita rabin abin da kuka kaɗa a na farko, domin mutum yana son kiɗan da ya gane, kuma ranar da kuka ji yara suna fito da karin Dvorak a kan hanyar rijiya kun san ya zauna. Ƙungiyar makaɗan kilasik ta mabiya cocin Kimbangu a Kinshasa, wadda Armand Diangienda ya kafa a 1994, ta fara ne da 'yan koyo kaɗan suna karɓa-karɓar kayan kiɗa, idan tsirkiya ta tsinke su ɗaura wayar birkin keke, har suka kai ga kaɗa manyan ayyukan Beethoven, fitaccen mai tsara kiɗa Bajamushe, a gaban jama'ar unguwanninsu. Shirin koya wa yara wannan kiɗa na ƙasar Venezuela da José Antonio Abreu ya fara a 1975 da matasa 11 ya bazu ne da kuɗin gwamnati mai arzikin man fetur, wanda ku ba ku da shi, don haka na Kinshasa ya fi kusa da halinku. Bayan kowane wasa ku ware minti goma kafin magariba, a jera yara, kowane makaɗi ya durƙusa ya ɗora wa yaro biyolin a kafaɗa, ya riƙe masa hannu ya ja izgar sau ɗaya a kan tsirkiya. A cikinsu za a samu biyu ko uku da za su ƙi sakin kayan. Ku tambayi gidansu, washegari ku je ku gaida mahaifin tare da jauro, ku nemi izininsa yaron ya riƙa zuwa koyo ranar Asabar bayan ya taso daga makarantar allo.